Garmar Malam Toma

"Ko'ina ka ce mu je zan bi ka, Toma, amma ban da Fadan Kaje."

Da haka na tare shi, tun bai gama rataya kyamararsa a wuya ba. Safiyar Asabar ce, farkon watan Mayu na 1976. Muna tsaye a ƙofar gidan abokinsa Gregory a Kafanchan, Gregory na zuba wa tsohuwar Fijonsa ruwa, matarsa Catherine kuma tana ɗaure kwanukan abinci a ɗankwali.

"Emi, garin ki ne fa..."

"Shi ya sa."

"Shekara biyu ni ina nan. Na gani Jos, na gani Kaduna. Ban gani gidan ku ba."

"Ka ji labarinsa, ya ishe ka."

Ya kaɗa kai irin nasu, wanda har yau ban gane ko i yake nufi ko a'a ba.

Toma Kuriyan mutumin Indiya ne, daga can kudancin ƙasarsu, wani yanki da ake kira Kerala. Gwamnati ce ta ɗauko shi koyar da lissafi a sakandare, ni kuwa, Emilia, malamar firamare ce, aji uku. A coci muka haɗu. Ranar da ya fara shigowa, rabin jama'a suka bar kallon Fada suka koma kallonsa, don mu a saninmu ɗan Indiya sai a silima yana rawa a kan dutse, ba durƙushe a benci yana addu'a ba. Ni ke ba da waƙa a kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, kuma ranar sai da na ɓata baiti biyu.

Daga gaisuwa aka koma koyon Hausa. Hausar dai ba ta gyaru ba, ni ce na faɗa ciki tsundum. Ina son mutumin nan, so irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Sau uku yana tambayata aure, sau uku ina ce masa sai na shaida wa Baba, kuma ban shaida ba. Ga shi kwantiraginsa zai ƙare a watan Yuli, kuma ran Litinin ake jiran amsarsa a ofis: ko ya sabunta, ko a yanka masa tikitin gida.

Baba Kumai ba mugu ba ne, wanda maciji ya sara ne. Yayata Martha, 'yar farinsa, ta auri wani ma'aikacin reluwe mutumin Kamaru ina 'yar shekara tara. Baba da kansa ya sa musu albarka, ya raka su tashar Zonkwa da buhun acca a ka. Wasiƙa biyu suka zo, daga nan shiru, yau shekara goma sha huɗu. Ko tana raye ma ba mu sani ba.

Tun daga lokacin, duk sanda jirgi ya yi kuka daga wajen Zonkwa, ko loma ce a hannun Baba sai ya tsaya ya ɗaga kai har kukan ya ɓace. Ya kuma rantse a gabanmu ba zai ƙara ba baƙo 'ya ba. Wanda jirgi ya kawo, in ji shi, jirgi ne zai kwashe shi, har da abin da ka ba shi. Ni kaɗai ce 'ya mace da ta rage masa. To yaya zan kai masa wanda ba ma jirgin ƙasa ba, na sama ne ya kawo shi?

Gregory ya raba faɗan, ya ce mu shiga mota rana na yi. Ya buɗe but ya jera kwanuka, Toma ya kawo wani dogon abu naɗe cikin buhu ya kwantar a hankali kamar jariri. Na tambaya, ya ce ƙafafun kyamara ne. Akwai kuma wani gwangwanin madara da ya ɗora a cinya ya hana kowa taɓawa. Ban matsa ba, don na saba da tarkacensa.

Tasha muka fara zuwa, wai yana son hoton jirgin Fatakwal yana shigowa. Ni a mota na zauna, don ko warin tasha ba na so. Daga taga nake hangensa cikin masu talla, ana ta kiransa "Indiya, Indiya," shi kuma yana amsawa kamar sunan da aka raɗa masa ne. Wata tsohuwa mai ayaba ta ƙi a ɗauke ta sai da ta sake ɗaurin kai, sannan ta tambaye shi ko gaskiya ne mutanensu ba sa cin saniya. Ya ce mata shi har wutsiya yake ci. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ƙara masa ayaba uku gyara.

Daga nan muka kama hanyar Madakiya zuwa Matsirga. An yi ruwan sama sau uku a makon, kogi ya kawo, ruwa na zubowa daga saman dutse da ƙarar da sai ka ɗaga murya ake jin ka. Toma ya tsaya baki buɗe, ya ma manta da kyamarar. Ya ce ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen nan sak na gidansu ne, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce feshi ne.

Wasu ma'aikatan reluwe da matansu sun riga mu zuwa, sun shimfiɗa tabarmi a kan falalen dutse. Suka kira mu, aka haɗa abinci wuri ɗaya, shinkafar Catherine da soyayyen kifinsu. Da aka ci aka ƙoshi suka ce lallai sai ɗan Indiya ya yi musu waƙar Indiya. Ya yi ta zillewa, suka ƙi. Ƙarshe ya gyara murya ya rera wata da yarensu, mai ja a hankali. Matan suka miƙe suna rangaji, wani dattijo har da share ƙwalla, wai ta tuna masa da ƙuruciya. Sai daga baya Toma ya raɗa mini cewa addu'ar cin abinci ce.

Akwai wani lungu a bayan ruwan inda mutum zai tsaya a kan dutse, ruwa na zuba a gabansa kamar labule. Can ya ja ni. Da ya kama hannuna na ji tafinsa kaushi, kamar yadda na saba ji watannin nan. Na taɓa tambaya ya ce alli ne. Ni ma alli nake riƙewa kullum, amma mai so ba ya lissafi.

"Emi, zuciya na, jibi Litinin."

"Na sani."

"In ce musu me?"

"Toma, ka ƙara mini lokaci..."

"Na ba ki shekara ɗaya da rabi. Ban ce ki bar Baba ba. Na ce ki nuna mini shi."

"Ba ka san shi ba. Ya riga ya rasa ɗaya. In na ce masa kai nake so, gani zai yi an sake ɗaukar buhun acca zuwa tasha. In kuma na ce ka tafi..."

Kuka nake sosai, sai dai ƙarar ruwa ta rufa mini asiri. Ya share mini fuska da wannan kaushin hannun.

Da muka koma mota sai Catherine ta tuna, wai, cewa akwai maganin ƙafa da za ta kai wa gwaggonta a Fadan Kaje, ga mu kuma mun riga mun yi rabin hanya. Na dubi Gregory, yana goge gilashin da ba datti. Na dubi Toma, yana kaɗa kai. Ba ni da bakin hana a kai wa tsohuwa magani, don haka na kafa sharaɗi. Shi baƙon Gregory ne da ya fito ganin gari. Kada ya kira ni Emi, kada ya zauna kusa da ni, kada ma ya kalle ni. Ya ce to, Malama Emilia.

Tun daga bakin gari muka jiyo ganga. Na san wannan kiɗan, na kuma san daga inda yake fitowa. Gayya ce a gonar Baba, ana gyaran ƙasar citta, ni kuwa tunanin Litinin ya sa na manta shaf.

Mama muka samu a gida da matan unguwa, ana juye kunu a tuluna. Ta rungume ni, ta gaishe da baƙo, ta sake dubansa, ta dube ni, sannan ta ce tun da na zo sai in ɗauki tulu ɗaya. Toma ya roƙi a bar shi ya ɗauki hoton gayya, ya ce bai taɓa gani ba. Mama ta ce gani ya kori ji, su biyo mu da mota har bakin gona.

A wajenmu ranar gayya kowa na iya taya aiki. Maƙwabci, dangi, har mai wucewa, in ya ga dama ya ari garma ya ja kunya ɗaya don raha, a yi dariya a ba shi abin sha. Amma saurayin da ba a gayyata ba, in ya zo da garmarsa ta kansa ya shiga gonar mai 'ya budurwa, wannan ba raha ba ce, neman aure ne a bainar jama'a. In uban ya bar shi ya kai ƙarshen kunya, to an saurare shi. In yarinyar ta ɗauki ƙwarya ta kai masa abin sha da hannunta, ta amsa.

Samari kusan talatin ne a layi, garemani na tashi tare suna sauka tare, makaɗi na bin su yana zuga. Baba na tsaye a gefe da sandarsa yana duba kunyoyi. Gregory ya gabatar da baƙonsa, Baba ya ba shi hannu ya ce sannu da zuwa, ya ce ya ɗauki hoto iya son ransa. Na sauke ajiyar zuciya, na koma gindin mangwaro ina taya Mama jera ƙore.

Ina cikin haka ganga ta tsaya.

Na juya. Kyamara na hannun Catherine. Takalman Toma na ajiye a bakin gona, safa a ciki. Shi kuma ga shi can a ƙarshen layi, ya naɗe wando zuwa gwiwa, garma a hannu, har ya kai sara biyu. Samari duk sun miƙe tsaye suna kallon Baba.

Ban san lokacin da na isa gaban Baba ba. Na durƙusa, na ce da yarenmu, da sauri, yadda Toma ba zai ji ba:

"Baba, ka yi haƙuri, baƙon Gregory ne, ganin gari ya fito. Wani ne ya ara masa, bai san al'ada ba. Ni ma ban san shi sosai ba..."

Toma bai ji yaren ba, amma fuskata ya duba, kuma na ga ya gane. Ko zakara bai yi cara ba, na san na yi musun saninsa a gaban idonsa.

Baba bai kula ni ba. Ya taka a hankali har inda Toma yake, ya miƙa hannu ya karɓi garmar. Ya juya ta, ya dubi bakinta, ya shafa ƙotar. Ba sabuwa ba ce, ta yi santsi daidai inda hannu ke kamawa. Ba kuma ƙirar maƙerin garinmu ba ce. Sai a lokacin idona ya kai kan but ɗin mota a buɗe, da buhu yashe a ƙasa ba komai a ciki.

Baba ya juya harshe zuwa Hausa.

"Garma na wanene?"

"Nawa, Baba. Na saya wata uku."

"Buɗe hannu."

Ya buɗe. Kanta ce jere a gindin kowane yatsa, da tabon bororo da ya fashe ya warke. Ashe duk yammacin da yake ce mini yana duba littattafan ɗalibai, a bayan gidan Gregory yake, yana fama da ƙasa.

"Ka san ma'anan abin da ka yi?"

"Na sani, Baba."

"Wa ya faɗa maka?"

Kowa ya juya ya dubi Gregory, wanda ya duƙufa kallon wani tsuntsu a sama.

Baba ya mayar da ido kan Toma. Ni kuwa ina durƙushe ina jira. Can Baba ya mayar masa da garmar, ya ce abin da mutum ya fara sai ya gama, ya ɗaga wa makaɗi hannu.

Gaskiya ɗaya ce, Toma bai iya noma da garmarmu ba. Wata uku bai isa ba. Samari suka ja kunya uku-uku yana kan ta fari. Tabarau na zamewa, yana turawa da kafaɗa. Sau ɗaya garma ta kafe a saiwa, ya ja da ƙarfi ya zauna daɓas, gona ta ɗauki dariya. Makaɗi ya bar kowa ya dawo kansa, yana waƙar cewa kunyar ɗan Indiya ta je Zonkwa cin kasuwa ta dawo. Ya tashi ya karkaɗe wando ya ci gaba. Da ya kusa ƙarshe, waɗanda ke dariya su ne suka koma tafa masa. Ya kai bakin iyaka ya dogara da ƙota yana haki, farar rigarsa ta koma ja.

Daidai nan jirgin yamma ya yi kuka daga Zonkwa.

Baba ya ɗaga kai. Duk wanda ke gonar ya san dalili, don haka ba wanda ya yi motsi har kukan ya ɓace. Da ya sauke kai, fuskarsa ta koma irin ta ranar da wasiƙa ta daina zuwa.

"Malam, ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma noma ba shi ne magana ba. Wancan ma ya yi noma a gona na, ya fi ka iyawa. Baƙo raɓa ne. Na ba da ɗaya, ban gan shi ba har yau. Ba zan ba da biyu ba."

Na ce shi ke nan, an gama. Na fara tunanin yadda zan iya shiga coci ran Lahadi in ga bencinsa.

Toma ya jingine garmar, ya tafi mota ba takalmi, ya dawo da gwangwanin madarar nan. Ya durƙusa gaban Baba, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya buɗe murfi. Yashi ne a ciki. Ya tona da yatsa ya zaro citta, manya biyu, duk sun fito da tsiro.

Da Hausarsa mai ɗingishi ya yi bayani, Gregory na cike masa inda ya maƙale. Ubansa manomin citta ne, kakansa ma haka. Su biyar ne maza, gonar kuwa ba ta kai rabin wannan ba, shi ne na biyar, don haka aka tura shi boko tun da ba inda za a yanka masa. Da ya je hutun Kirsimeti ya gaya wa iyayensa ya ga mata a Najeriya. Uwarsa ta yi kwana uku tana kuka. Ubansa kuwa ya shiga gona ya zaɓo irin da ya fi kyau, ya ce ya kai wa uban yarinyar ya roƙi wurin shukawa. Wata huɗu ke nan yana ɓoye da shi a ƙarƙashin gado, yana yayyafa masa ruwa.

"Baba, ban zo in ɗauka yarinya in tafi ba," ya ce. "Can ba ni da ƙasa. Na zo in roƙa wuri."

Baba ya so ya ƙi karɓa, na ga hannunsa ya tsaya a hanya. Amma ba a nuna wa manomin citta irin da bai taɓa gani ba ya kau da kai. Ya karɓa, ya ɗaga a rana, ya kankare da farce ya shinshina. Dattawa biyu suka matso, su ma suka shinshina.

Ya tambaye shi yadda ake yanka iri a ƙasarsu. Toma ya ce da hannu ake ɓallewa, kowane ido biyu. Baba ya gyaɗa kai. Ya tambaye shi da me ake rufewa bayan shuka, Toma ya ce ɗanyen ganye, da kauri, har sau uku kafin kaka. Baba ya ce shirme, busasshiyar ciyawa ake sawa, sau ɗaya. Toma ya ce ciyawa na kawo gara. Baba ya ce ganye na ruɓar da iri. Kafin ka ce kwabo gardama ta kaure, dattawa sun rabu gida biyu, ni da ake magana a kaina an manta da ni a durƙushe.

Baba ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya gyara murya ya ɗaure fuska.

"Citta wata takwas yake a ƙasa."

"Na sani, Baba."

"Wanda ya shuka, shi ke tonawa. An ce aikin ka zai ƙare a watan bakwai."

"Litinin zan sa hannu, shekara uku."

"In na hana ka wuri fa?"

"Zan sa hannu duk da haka. Baɗi in dawo da garma."

Wani daga cikin samari ya ce ya taimaka ya koyi miƙe kunya kafin baɗin. Aka yi dariya, ban da Baba. Ya juyo gare ni, ya koma yarenmu, murya ƙasa-ƙasa.

"Emilia, kin ce ba ki san shi ba. To, mutum ya ja kunya a gonata, yana jin ƙishi. Ga mata nan da yawa, kowacce na iya ba baƙo ruwa. Ke kika san wadda za ta kai."

Na waiga. Mama na tsaye a bayana, ƙwarya cike da kunu a hannunta, ban san tun yaushe ta ɗebo ba. Ta miƙo mini.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓa, amma ban fara zuwa wajen Toma ba, gaban Baba na tsaya.

"Ƙarya na yi, Baba. Na san shi. Shekara ɗaya da rabi ina ɓoye maka don kada in sa ka kuka. Ina son shi... ina son shi ƙwarai. Amma ni ba Martha ba ce, ba inda za ni. In ka neme ni, da ƙafa za ka same ni."

Ya kau da kai wajen duwatsu, ya ce mutum na jira.

Tsakanina da Toma bai fi taku goma ba, amma kafin in isa rabin kunun ya zube a zanena. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, na ce a hankali ya yafe mini. Ya ce, "Na gode, Malama Emilia," yana murmushi, hawaye na bin ƙurar fuskarsa. Ya kafa kai ya shanye. Catherine ta rangaɗa guɗa, matan unguwa suka amsa, makaɗi ya saki ganga.

Baba ya bari aka lafa, sannan ya ɗauki gwangwanin da kansa ya ce mu biyo shi. Ya ratsa gonar har can ƙarshe, gindin ɗorawa, inda wani ɗan fili ya cika da ciyawa har ƙugu. Gayaunar Martha ce, inda take shuka gyaɗarta tana budurwa. Tun da ta tafi Baba ya hana a taɓa wurin, ko akuya ba a ɗaurewa a nan. Mama ta rufe baki da gefen zane.

"Ban ba ka yarinya ba tukuna," in ji Baba. "Ƙasa na ba ka. Mu ji abin da ƙasa zai ce."

Toma ya koma ya ɗauko garmarsa. Samari shida suka bi shi ba wanda ya sa su.

Ran Litinin ya sa hannu. Daga nan duk Asabar ta duniya yana Fadan Kaje, shi da garmarsa a ɗaure bayan babur. Rabin gayaunar ya rufe da ganye, rabi da ciyawa, don kada wani ya ce an raina shi, kuma duka biyun suka yi kyau, abin da ya hana gardamar mutuwa har yau. Baba ya ƙara masa da irin namu ya cike wurin. Mutanen gari suka daina ce masa Indiya, suka koma Malam Toma, wasu kuma surukin Kumai, tun Baba na tsawatarwa har ya gaji.

Mako guda kafin a ɗaura mana aure a coci, a watan Janairu, aka tona cittar. Toma na tono, ni da Mama muna kakkaɓe ƙasa muna tarawa a kwando. Ta yi 'ya'ya har ban yarda daga ɗan filin nan ta fito ba. Ya kai tsakiyar fili sai Baba ya sa sanda ya tare garmar.

"Ya isa. Bar saura."

"Baba, ya nuna duka."

"Na ce bar saura. Citta ba ya lalacewa a ƙasa, baɗi zai ƙara girma. Baɗin ma rabi za ka tona."

Toma ya dube ni, na dube shi. Mun gane so yake ya ɗaure Toma da ƙasar nan, kuma ba wanda ya yi dariya. Ya ce to, Baba, ya sauke garmar.

Baba ya tsuguna yana mayar da ƙasa a kan saiwar da ta fito fili, yana danna ta da tafin hannu, yana mitar cewa yaron nan har yanzu bai iya rufe rami ba. Ana cikin haka jirgin yamma ya yi kuka daga Zonkwa, dogo, har sau biyu. Ni da Mama muka tsaya cak da citta a hannu, muna jira.

Baba bai ɗaga kai ba. Ya miƙa hannu baya ya ce, "Toma, ɗana, miƙo mini ganyen nan."